Kawu ya ga riyal miliyan 621 a takardar Hajiya: me ya sami +/@ a J?

Auwalu Jidda: Assalamu alaikum jama'ar gida. Duk wanda ya san J, harshen kwamfutar nan mai aiki da jerin lambobi, ya taimaka ya duba mini wani abu, tun safe kaina a ɗaure yake.

Wasunku sun san ina taya Kawu lissafi a shagonsa na tsarabar alhazai a wajen Bab Makka, nan Jidda. Fatura ta hukuma injin kanta ke fitarwa, ba ruwana da ita. Nawa shi ne littafin 'yan sari, matan da ke ɗibar kaya su yi kago zuwa Kano, su biya rabi, saura sai sun dawo. Kusan shekara ke nan da na kwashe littafin nan na zuba shi a J, ban taɓa samun matsala ba. Ga yadda yake:

```
   adadi =: 12 30 8
   kudi =: 45 10 25
   farashi =: 4 : 'x * y'
   jimla =: +/@farashi
   adadi jimla kudi
1040
```

Kwalin dabino 12 a kan riyal 45, dozin tasbaha 30 a kan 10, darduma 8 a kan 25. Jimla 1040, in an ɗora harajin kashi 15 ya zama 1196.

Ranar Laraba da daddare ƙwambo ya kama ni. Na ce wannan `4 : 'x * y'` ai ɓata tawada ne, tunda ninkawa kawai yake yi. Na mayar da shi `farashi =: *` a cikin fayil, na gudanar da layin, na gwada, 1040 ya fito tsaf. Na kashe kwamfuta na kwanta. Alhamis da safe wata Hajiya ta zo ɗaukar kayanta, na buga mata takarda, sai ga layin jimla ya nuna 621 345 230. Kawu ya ɗora tabarau a hanci, ya karanta, ya cire, ya goge da bakin jallabiya, ya sake karantawa. Ya ce, "Auwalu, Jiddar ce gaba ɗaya muka sayar wa Hajiya?" Ita kuwa salati kawai take yi.

Na gane lambobin daga baya: 540 da 300 da 200 ne, kowanne da harajinsa, ba a tara su ba. Abin da ban gane ba biyu ne. Me ya sa `+/` ya ƙi tarawa? Kuma me ya sa ya tara ranar Laraba ya ƙi ranar Alhamis, alhali ban ƙara taɓa komai ba?

Maryam Makka: Wa alaikumus salam. Bari in gama dariya tukun. Allah ya sa Hajiya ba ta da hawan jini. Amma tsakani da Allah Auwalu, kaya uku farashi uku, me ya raba ka da Excel? SUMPRODUCT ɗaya ya gama maka wannan.

Auwalu Jidda: Yaya Maryam, masu ɗaukar bashi sun fi arba'in, kowacce da nata jerin kaya da ranakun biya. A Excel shafi-shafi nake bi. A nan layi ashirin ne duka. Kuma gaskiya ina jin daɗinsa, ba zan ɓoye ba.

Usman Mai Wurno: Ya akhi abin ba wuya. Cire @ ɗin nan baki ɗaya, ka sa su a baka biyu kawai. Mu a Dyalog, wani nau'in harshen APL wanda J ya samo asali daga gare shi, haka muke yi: `12 30 8 (+/×) 45 10 25` kuma 1040 yake bayarwa. Yanzu na gwada a nan ofis.

Auwalu Jidda: Yaya Usman, ana kukan targaɗe sai ga karaya.

```
   adadi (+/ *) kudi
13 13 13
31 31 31
 9  9  9
```

Da lambobi uku nake kuka, yanzu tara ne.

Usman Mai Wurno: La haula. Wannan kuma daga ina 13 ta fito?

Sadiƙ Zahran: Ina jin matsalar ranki ce. Ƙara `"1` a ƙarshe, ka rubuta `+/@*"1`, don ya ɗauki layin gaba ɗaya.

Auwalu Jidda: Na gwada. 540 300 200, bai motsa ba.

Ɗan Takari: Ku yi haƙuri da katsalandan, akwai mai mota zuwa Madina gobe bayan Juma'a? Mutum biyu ne da jaka ɗaya.

Maryam Makka: Ka tura a ɗaya zauren, nan ana shari'ar miliyan 621 ne.

Malam Sabo: Salamu alaikum. Yanzu na fito daga La'asar na tarar da saƙo ya taru. Auwalu, kwamfutarka lafiyarta ƙalau, J ma abin da ka ce ya yi shi ya yi. Bari mu bi a hankali.

Kowane aikatau a J yana da mudun da yake awo da shi. Shi ne abin da Sadiƙ ya kira ranki. Akwai mai ɗaukar ƙwaya ɗaya-ɗaya, rankinsa 0. Akwai mai ɗaukar layi-layi, rankinsa 1. Akwai kuma wanda ba ruwansa da mudu, buhun gaba ɗaya yake saɓawa a kafaɗa, shi ake rubuta wa `_`, wato mara iyaka. Ba sai ka yi canki ba, ka tambaye shi da `b. 0` zai faɗa maka:

```
   * b. 0
0 0 0
   +/ b. 0
_ _ _
   +/@* b. 0
0 0 0
   +/@:* b. 0
_ _ _
```

Dubi layi na uku da kyau. Da ka haɗa `+/` da `*` ta hanyar @, abin da aka haifa mudun na dama ya gada. Kai a ranka kana karanta @ a matsayin "na dama ya gama aikinsa duka, sannan a miƙa wa na hagu". Ba haka yake faɗa ba. Cewa yake: duk mudu ɗaya da na dama ya auna, a miƙa wa na hagu nan take, kafin a auna na gaba. To `*` ya ninka 12 da 45, ya miƙa 540. `+/` ya karɓi 540 ita kaɗai, ya tara ta, jimlar abu ɗaya kuwa shi ne kansa. Aka dawo, 300. Aka dawo, 200. Sau uku `+/` ya yi aiki, kowane karo da ƙwaya ɗaya a hannunsa. Bai taɓa ganin su ukun a wuri ɗaya ba balle ya haɗa su.

Kamar yaron shago ne da ke kawo kwali ɗaya gaban kanta a yanka masa rasit, ya koma ya ɗauko wani a sake yanka masa. Wanda kake so shi ne mai loda komai a baro ya turo sau ɗaya. Wannan shi ne @ mai ruwa biyu. `adadi +/@:* kudi` zai ba ka 1040.

Maryam Makka: Tsaya Malam. Ashe wannan shi ne =SUM(A2*B2) da yaran ofis ke rubutawa su ja shi ƙasa? Kullum sai na yi musu faɗa, SUM ɗin ba ya tara komai, ado ne kawai.

Malam Sabo: Shi ne, Maryam, babu ragi babu ƙari. Kin ma fi ni kawo misali.

Auwalu Jidda: Ya fito, 1040. Allah ya saka da alheri Malam. Amma a fayil ɗin akwai `+/@,` da nake tara jadawali da shi, kuma bai taɓa ba ni matsala ba.

Malam Sabo: Saboda waƙafin nan mai buhu ne, rankinsa `_`. In na dama mara iyaka ne, @ da @: abu ɗaya suke yi. Shi ya sa mutum zai shekara yana rubuta @ lafiya lau, sai ranar da ya haɗa shi da mai ƙwaya. Haka tsohon `farashi` ɗinka. Duk aikatau da aka rubuta da `4 : '...'` ko `3 : '...'` mara iyaka ne sai in kai ka sa masa ranki. Ciki ninkawa ce, amma daga waje buhu yake karɓa. Da ka tuɓe masa rigar ka bar `*` tsirara, mudun ya canza.

Dakta Rabi: Malam, da girmamawa, rabin tambayar ka amsa. Yaron ya ce bayan ya canza ya gwada, kuma 1040 ya gani. In bayaninka ne kaɗai, ai tun daren Laraba ya kamata ya lalace. Ko dai bai gwada ba yana zaton ya gwada.

Auwalu Jidda: Anti wallahi na gwada. Har sau biyu.

Malam Sabo: Gaskiyarki Dakta, kuma a nan gizo ke saƙa. Ya gwada, na yarda da shi. Lokacin da J ya karanta layin `jimla =: +/@farashi`, ba ya kwafe cikin `farashi` ya ajiye. Sunan yake riƙewa, duk sanda aka kira sai ya je ya duba me sunan ke nufi yanzu. Amma rankin, tun a lokacin ɗaurin auren yake rubuta shi, ba ya komawa ya sake tambaya. Daren Laraba Auwalu layin `farashi` kaɗai ya gudanar. `jimla` na nan da tsohon rankinsa mara iyaka, yana kiran sabon `farashi`, komai ya tafi daidai. Da safe ya kunna kwamfuta, fayil ya lodu daga sama har ƙasa, aka sake ɗaura `jimla`, wannan karon `farashi` mai ranki 0 ne.

Auwalu, kar ka ɗauki maganata haka nan. Buɗe sabon zama ka maimaita, kana duba `jimla b. 0` a kowane mataki.

Auwalu Jidda: Subhanallahi.

```
   farashi =: 4 : 'x * y'
   jimla =: +/@farashi
   farashi =: *
   jimla b. 0
_ _ _
   adadi jimla kudi
1040
   jimla =: +/@farashi
   jimla b. 0
0 0 0
   adadi jimla kudi
540 300 200
```

Layi ɗaya, harafi bai canza ba, amsa biyu. Ni da na fara zargin ƙanin matar Kawu da ke zama a kwamfutar yana kallon ƙwallo.

Dakta Rabi: To ka nemi yafiyarsa. Ni kuma yanzu na samu abin faɗa. Malam, wannan ba koyarwa ba ce, tarko ne. Ba a ce masa kuskure ba, ba a yi masa gargaɗi ba, an miƙo masa amsa da fara'a. Sa'arsa ɗaya lambobin uku ne suka fito har Kawu ya gani. Da Hajiya kaya iri ɗaya ta saya, amsar daidai za ta fito, ya ci gaba da tafiya da ɓaraka bai sani ba. Kuma abin da ya fi ba ni haushi, alamar da ta fi gajarta, wadda hannu zai fara kai wa, ita ce mai cizon. Mai lafiyar ita aka ƙara wa ruwa biyu. A NumPy, kayan lissafin jeri na harshen Python, in ina son wannan halin sai na nema da bakina, in rubuta `np.vectorize` in naɗe aikin a ciki. Ba zai same ni ina barci ba.

Malam Sabo: Ban ce ba ki da hujja ba. Amma kafin a yanke wa @ hukunci a ji ta bakinsa. Ga sunaye uku a akwatuna, ina son tsawon kowanne:

```
   gari =: 'Makka';'Madina';'Taif'
   #@> gari
5 6 4
   #@:> gari
3
```

`>` buɗe akwati yake yi, rankinsa 0. Da @, ana buɗe akwati ɗaya a ƙirga, a buɗe na gaba a ƙirga. Da @:, sai an buɗe duka an jera su a jadawali, J ya cike gajerun da sarari don su yi tsawo ɗaya, sannan `#` ya ƙirga layuka ya ce uku. Tsawon asali ya riga ya ɓace a wurin cikon. A nan mai ruwa biyun ne mai cizo. Duk wanda ke aiki da akwatuna a J, @ ne abincinsa na yau da gobe.

Usman Mai Wurno: Amma Malam mu ba ma buƙatar wannan. `≢¨'Makka' 'Madina' 'Taif'` ya ba ni 5 6 4, kuma ɗigo biyun nan na sama suna faɗa wa mai karatu ƙarara cewa ɗaya-ɗaya ake bi. Ba sai ya haddace rankin kowane aikatau ba.

Dakta Rabi: Yauwa Usman. Abin da nake faɗa ke nan. A rubuta a fili.

Malam Sabo: J ma yana da `each` da `every` ga mai so. Amma Dakta, tunda an zo tonon silili: a NumPy ɗinki, jeri mai siffa `(3,)` in aka ninka shi da mai siffa `(3,1)`, me ke fitowa?

Dakta Rabi: Malam ka taɓa mini gyambo. Jadawali uku sau uku, shiru ba gargaɗi. Lokacin ina digiri na uku ya ci mini kusan mako. Ina cire hasashe daga ainihin awo, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, na ɗauki matsakaici, lamba ɗaya ta fito mai kyan gani, na sa a rahoto. Sai da malamina ya ce kuskuren nan ya ƙi raguwa ko me aka yi, sannan na duba siffa. Na yarda kowane gida da inda yake yoyo. Amma ban janye ba a kan wace alama ta cancanci gajarta.

Malam Sabo: A kan wannan ni ma ba zan yi dogon musu ba. In ɗalibi ya tambaye ni, ce masa nake ya fara da @: sai in ya san dalilin da zai sa ya cire ruwa biyun. Ko a wajen sauri, in `+/` za a kira sau dubu ɗari a kan ƙwaya-ƙwaya, ai an yi asarar abin da ya kawo mutum harshen jeri tun farko.

Ustaz Nura Madina: Ni ba ɗan kwamfuta ba ne sosai, karatu nake bi a hankali, amma kalmar "aikatau" da Malam ke ta faɗa ta tsaya mini. Fassararka ce ko haka suke kira?

Malam Sabo: Haka suke kira, Ustaz. Kenneth Iverson, uban APL da J, da gangan ya ɗauko sunayen nahawu. Lambobi da jeri suna ne. `+` da `*` aikatau. `/` bayanau ne, yana jingina da aikatau ɗaya ya canza masa hali. @ kuwa mahaɗi ne, yana kama biyu, hagu da dama.

Ustaz Nura Madina: To ai mun san wannan a babin tawabi'u. Na'ati ba shi da i'irabin kansa, na man'utinsa yake bi, in ya yi rufu'a ya yi rufu'a, in ya yi nasabu ya yi nasabu. Wato `+/@*` tabi'i ne ga `*` a wajen ranki. Wanda bai duba matbu'i ba shi zai yi lahani a karatu.

Malam Sabo: Akaramakallahu, zan ari wannan in na shiga aji. Sai dai a nahawu mai bi a baya yake zuwa, a nan kuwa jimlar gaba ɗaya ce ke bin na ƙarshenta.

Usman Mai Wurno: Har yanzu ba wanda ya gaya mini inda 13 ta fito. Ni aka kunyata a bainar jama'a, ina da haƙƙin bayani.

Malam Sabo: Afuwan Usman. A J in ka jera aikatau biyu a baka biyu ba mahaɗi, sunansa ƙugiya. `x (f g) y` yana nufin `x f (g y)`. Wato `*` bai ga `adadi` ba sam, `kudi` kaɗai aka ba shi. `*` mai hannu ɗaya kuwa ba ninkawa yake ba, alamar lamba yake faɗa: 1 in ta haura sifili, 0 in sifili ce, `_1` (wato -1) in ta gaza. Ya mayar da 45 10 25 zuwa 1 1 1. Shi kuma `+/` da aka ba shi hannu biyu ya daina tarawa, ya koma yin jadawalin haɗa kowane na hagu da kowane na dama. 12 da 1, 13. 30 da 1, 31. 8 da 1, 9. Ga tararka.

In uku ne a jere sunansa cokali mai yatsu, kamar `(+/ % #)` na matsakaici: tara, ƙirga, raba. Wannan iri ɗaya ne a J da Dyalog. A kan biyun ne kuka raba gari.

Ɗan Takari: Harshe yana da ƙugiya amma an rubuta "kudi" maimakon kuɗi. Ina ƙugiyar take a nan?

Auwalu Jidda: Ba ya karɓar ɗ da ƙ a suna, baƙaƙen ASCII kawai. Ka samu motar?

Ɗan Takari: Na samu, na dawo kallo ne.

Usman Mai Wurno: Tamam, na gane. To ni a ganina namu ya fi hankali. Dyalog bai shigo da waɗannan jerin ba sai a fitowa ta 14.0 a 2014, kuma da Roger Hui aka yi aikin, mutumin da ya rubuta J tare da Iverson tun 1990. Ya ga ƙugiya shekara ashirin da ɗoriya, da aka zo Dyalog ba a ɗauko ta ba, aka ce biyu a jere na hagu ya hau kan sakamakon na dama kawai. A 18.0 ta 2020 aka ƙara `⍤` da `⍥` na haɗa aikatau, su ma ba sa gadon ranki, don aikatau a wurinmu ba ya yawo da ranki a jikinsa. In kana so ka rubuta lamba da hannunka. BQN na Marshall Lochbaum da ya fito a 2020 shi ma hanyar ya bi, ya ware wa ƙugiya alamominta biyu, `⊸` da `⟜`. In na baya duk sun kauce wa abu, akwai magana.

Malam Sabo: Akwai magana, ban musa ba. Hui da kansa ya yi rubutu yana ganin da mahaɗi aka ware wa ƙugiya da ya fi. Amma gadon ranki ba ɓarin baki ba ne, tsohon tunani ne. Iverson ɗan Kanada ne, littafinsa da APL ya samo suna daga gare shi ya fito a 1962, ya karɓi lambar Turing a 1979. Bayan ya bar IBM ya koma kamfanin I. P. Sharp a Toronto, a can aka yi SHARP APL, kuma a can aikatau ya fara ɗaukar ranki, haɗinsu ma yana bin na dama. Shi mahaɗin ranki Arthur Whitney ne ya kawo shi a 1982, a cikin jirgin ƙasa kan hanyar taron APL a Jamus, shi ne kuma daga baya ya yi harshen K. Abin da suke nema shi ne a haɗa aikatau biyu su zama kamar an haife su tare: in na dama layi-layi yake aiki, haɗin ma ya yi layi-layi, ko jadawali aka ba shi ko tarin jadawalai. Ka rubuta wa ɗaya, ya yi wa dubu. J wannan gadon ya ɗauka. Ƙugiya da cokali kuma Iverson da Eugene McDonnell ne suka fito da su a ƙarshen shekarun 1980.

Ni na fara da APL ne a babbar kwamfuta, da allon rubutu mai alamomi manne a kan maɓallai. Da J ya zo da baƙaƙen da kowane allo ke da su, murna muka yi. Kuɗin da aka biya shi ne ɗigo da ruwa biyu suka zama masu ma'ana, ido kuma ba ya saurin kama su.

Sadiƙ Zahran: Malam nawa fa? Na ce `"1` kuma ranki ne matsalar, me ya sa bai yi ba?

Malam Sabo: Ka gano cutar, allurar ce ka yi a kan riga. Bayanau da mahaɗi daga hagu suke kamawa, duk abin da ke hagunsu suke haɗiyewa. `+/@*"1` ana karanta shi `(+/@*)"1`. Ka ba wa na waje layi, na ciki ya karɓa ya sake farfasa shi ƙwaya-ƙwaya yadda ya saba. Da `+/@(*"1)` ka rubuta da ya yi, don yanzu na daman ne mai ranki 1. Wanda aka fi rubutawa shi ne `+/@:*"1`, kuma shi Auwalu zai buƙata ranar da ya jera duk matan a jadawali ɗaya, kowace layinta, yana son jimlar kowace.

Sadiƙ Zahran: Na gane. Mu a darasin aljabara `+/ . *` muka gani.

Malam Sabo: Shi ma 1040 zai bayar. Ka dai kula da sararin da ke gaban ɗigon. In ka matse ka rubuta `+/.*`, J zai karanta `/.` a matsayin kalma ɗaya, wani bayanau ne daban, ka shiga wani dajin. Akwai kuma `[: +/ *`, cokali ne da aka toshe wa yatsan hagu, daidai yake da @: ga wanda idonsa ba ya son ruwa biyu. Auwalu, har harajin za ka iya sawa a layi ɗaya: `jimla =: 1.15 * +/@:*` ya ba ka 1196.

Maryam Makka: Hanya huɗu ta yin daidai, hanya huɗu ta yin kuskure, bambancinsu ɗigo da sarari. Ni dai ina nan a SUMPRODUCT, Allah ya ba ku haƙuri. Auwalu, ka sa harajin a wuri ɗaya mai suna, kar ka watsa 1.15 ko'ina. Mun ga yadda aka sha wuya a 2020 da ya tashi daga kashi 5 zuwa 15, masu lamba a warwatse kwana suka yi suna nema.

Dakta Rabi: Kuma in za ka gwada, kashe komai ka loda fayil daga farko, da kaya fiye da ɗaya. Gwajin daren Laraba ba gwaji ba ne.

Auwalu Jidda: Na ji Anti, na ji Yaya Maryam. Gobe Juma'a shago sai bayan La'asar, zan zauna in bi fayil ɗin layi-layi.

Auwalu Jidda: Salam. Rahoton Asabar. Na bi fayil jiya, duk @ da na gani na ƙara masa ruwa biyu, goma sha ɗaya ne. Jimla ta gyaru, Hajiyar miliyan ta dawo ta karɓi takardarta ta 1196, har ta ce a ba ta tsohuwar ta kai Kano ta nuna wa kishiyarta.

Sai da safen nan Kawu ya ce in fitar masa da waɗanda biyansu ya faɗo a makon nan. Mutum huɗu ne. Akwai layin da ke auna faɗin gurbin suna, `2 + >./ #@> sunaye`, wato mafi tsawon suna a ƙara biyu. Misalin Malam ne sak, yana zaune a fayil ɗina, ni kuma na bi na sa masa ruwa biyu da hannuna. Maimakon tsawon suna ya ƙirga mutum huɗu, ya ƙara biyu, shida. Aka yanke kowane suna a harafi na shida. Takarda ta fito:

```
Hajiya 800
Hajiya 1450
Hajiya 300
Hajiya 2100
```

Kawu ya riƙe ta ya daɗe yana kallo. Ya ce, "To, wace Hajiyar zan kira?"

Usman Mai Wurno: Ka ce masa duka huɗun, kowace 2100.

Malam Sabo: Mayar da wannan ɗin yadda yake. Sauran goman ka turo mini su nan in gani, kowanne da abin da `b. 0` ya ce a kan na damansa.